Jan Fenti a Kafaɗar Mutumin Ƙarfe

Ranar da abin ya faru, tun da hantsi gari ya yi lumshi. Iska ta ɗauke ɗif, zafi ya sauko ya kwanta a kan kwanon rumfuna, hadari kuma yana ta taruwa daga gabas sannu a hankali. Mai waldan da duk layin suke kira Tartsatsi ya fito bakin shagonsa ya ɗaga kai sama. Daga nan ya waiwaya ya dubi bayan shago, inda mutum-mutumin ƙarfen da 'yarsa ta ƙera yake tsugune a fili, ko tsumma babu a kansa. Jibi za a zo a ɗauke shi zuwa gidan nunin zane, ga shi har yanzu ba a goge shi ba, ba a yi masa fenti ba.

Sunan Tartsatsi daga rigunansa ya samo shi. Matarsa takan ce tunda ta shigo gidansa ba ta taɓa shanya masa rigar da rana ba ta leƙo ta cikinta ba, saboda ƙananan hujin da wuta ta yi mata. Yana saurayi ya shiga sana'ar, a hannun wani tsoho mai faɗa wanda ba ya yabon kowa, kuma a cikinta ya yi furfura. Ƙofofi da tagogi da gadaje da ƙafar tanki, duk abin da ake haɗawa da wuta ya haɗa shi. Ba shi da yawan magana, amma yana da doka guda wadda ko wane ne ya zo ba ya karya ta. Aiki ba ya barin shagonsa sai an bi ɗinkin walda da injin guga ya yi sumul, sannan an shafe shi da jan fentin nan mai hana tsatsa. Masu gaggawa sun sha kumbura su ce a ba su kayansu haka nan. Sai ya ce su dawo gobe, ya ci gaba da abin da yake yi. A wurinsa tsatsa ciwo ce, kuma ƙarfen da ya fita shago tsirara, mutuncin mai shagon ne ya fita tsirara.

'Ya'yansa duk sun kama wasu hanyoyi, sai ƙaramarsu, wadda har yau kowa ke ce wa Auta. Tana 'yar mitsitsiya takan kawo masa ruwa ta ƙi komawa gida, ta ɗauki baƙin gilashin walda ta yi ta kallon rana ta cikinsa. Da ya ga ba ta da niyyar barin wurin, sai ya damƙa mata sandar walda. Ya koya mata kada hannu ya yi rawa, kada ya yi sauri, ɗinki ya fito a jere kamar ɓawon kifi. Ta iya kuwa, har ta fi wasu masu gemu. Amma da ta girma sai ta ce zane za ta karanta. Ta tafi wani birni mai nisa, ta yi shekaru, ana jin labarinta a waya. Bara ta dawo da naɗaɗɗun zane-zane a bayan mota, ta ce masa tana son ya ba ta bayan shago da tarin guntayen ƙarfen da ke jibge a can. Ya ce mata ga shi nan. Iyakar abin da ya ce ke nan, ko da yake ranar har maƙwabta sun ji yana 'yar waƙa yana aiki.

Zanen da take yi da fenti a kan kyalle bai dame shi ba, don ba fanninsa ba ne. Ƙarfen ne ya hana shi sakat. Ta gefen ido yake kallonta tana haɗa guntaye, tana barin ɗinki curi-curi kamar tabon ƙuna, ba ta ko waiwayar injin guga. Da ta gama haɗawa sai ta bar abin a waje, damina ta yi ta dukansa har ya yi jawur, daga baya ya yi duhu. Duk sanda aka yi ruwa sai Tartsatsi ya ji kamar a jikinsa ake yi. Amma yakan ce wa kansa ai ba ta gama ba, kowane aiki mummuna ne kafin a yi masa kwalliya. Bai tambaye ta ba, don kada ta ce ya raina mata hannu. Ita kuma da ta ga bai taɓa tsayawa ya duba ba, sai ta ɗauka tarkace kawai yake gani, ta kama bakinta.

Maƙwabcinsa mai facin taya shi ne bai iya kama nasa bakin ba. Kullum sai ya leƙo ta saman katanga ya tambaya ko wannan dodon na Auta gadin shago za a ba shi. A safiyar ranar ma ya leƙo, ya ce shi da yake liƙe taya da gam, ɗinkinsa ya fi wannan kyan gani, wai kuma a haka za a kai shi gaban manyan mutane a ce 'yar Tartsatsi ce ta yi. Da wasa ya faɗa, ya koma kan tayarsa. Maganar kuwa ta zauna a ran Tartsatsi.

Auta tun sassafe ta tafi gidan nunin, tana can tana rataye zane-zanenta. Wannan ne karo na farko da za a baje aikinta ita kaɗai, a garinsu, kuma kwana da kwanaki ba ta samun ko zaman cin abinci. Tartsatsi ya sake duban hadarin, ya dubi mutumin ƙarfen, ya yanke shawara cewa lokaci ne ya ƙure wa yarinyar. Wane uba ne zai ga haka ya naɗe hannu? Ya jawo wayar wuta, ya kunna injin guga.

Daga kafaɗar dama ya fara. Ya bi ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya, curin yana narkewa, tsatsar tana tashi kamar gari, farin ƙarfe yana fitowa yana ƙyalli. Ya sauko har gwiwar hannu, ya shafa da tafinsa ya ji sumul, ransa ya yi fari. Ya buɗe gwangwanin jan fenti ya motsa, ya shiga shafawa a natse, yana tunanin yadda za ta dawo a gajiye ta tarar an rage mata aiki. Bai gama kafaɗar ba iska ta taso, wuta ta ɗauke, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kafin ya jawo tamfol ya rufa, ɗanyen fentin ya tsiyaya layi-layi har kan ƙirjin mutumin.

Da yamma, bayan ruwa ya tsagaita, Auta ta shigo tana tsallake kwatami, takalmanta a hannu. Ta gaishe shi, ta wuce baya, ya ji ƙarar tamfol. Daga nan bai ƙara jin komai ba. Da shirun ya yi yawa sai ya bi ta.

“Baba, wa ya taɓa shi?”

Ya ce shi ne. Ya ce kada ta damu da tsiyayar, gobe idan rana ta fito zai gyara, ya ƙarasa ɗaya ɓangaren, kafin jibi ya bushe.

Ta daɗe tana kallon kafaɗar. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

“Damina guda na yi ina jiran wannan tsatsar, Baba. Ai na gama shi tuntuni.”

Ta mai da tamfol ɗin a hankali kamar mai lulluɓe marar lafiya, ta sa takalmanta, ta fita. Ranar ba ta kwana a gida ba, gidan yayarta ta wuce.

Matarsa ce ta ba shi sauran labarin yana ƙoƙarin cin abincin da ya ƙi wucewa. Ta ce Auta ta kira ta tana kuka. Wai za ta gaya wa matar da ke kula da gidan nunin a cire mutum-mutumin, alhali shi ne za a ajiye a tsakiyar zaure, sauran duk kewaye shi aka yi da su. Kuma ta ce da zarar an rufe nunin za ta kwashe kayan aikinta ta koma inda ta fito, tunda zama wuri guda ya gagara. Tartsatsi ya ajiye cokali. Matarsa ta dube shi, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

“Kai ma dai, mai gida. Shekara guda kana wucewa ta gaban abin nan, ba ka gane ko wane ne ba? Tsugunnon nan, da kafaɗa ɗaya a sama, da wuya a karkace kamar mai sauraron ƙasa? Ni da nake kawo maka abinci nake tarar da kai haka tun muna yara? Kai ne fa. Kanka ka shafa wa fenti.”

Washegari kafin layin ya buɗe yana shago. Ya yaye tamfol, ya jawo kujera, ya zauna ya kalli abin, kallon da bai taɓa yi masa ba. Sai ya fara gane guntayen. Ga maratayin tsohuwar ƙofar gidansu a gwiwa. Ga guntun gadon da ya yi wa yaran suna ƙanana, ya zama ƙashin baya. Ga kan tsohuwar gudumarsa da ya yi ta nema ya haƙura, ashe tana nan a dunƙule a hannun hagu. Duk abin da ya zubar cikin shekarun nan ta tsince, ta tayar da shi da su.

Ya tashi ya ɗauko tina mai narkar da fenti da tsumma da burushin waya, ya shiga wanke fentin. Na sarari ya fita, amma wanda ya shige lungu-lungu ya ƙi, don fentin kirki ne, shi da kansa ya zaɓa. Inda ya goge kuwa babu dabara, ƙarfe ya yi fari tas yana masa ƙyalli. Ya san abin da ke cin ƙarfe da sauri, tunda rayuwarsa duka gudunsa yake yi. Ya aika aka sayo masa gishiri, ya dama a roba, ya tsuguna yana yayyafawa.

Mai faci ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya riƙe ciki don dariya. Ya ce shi dai ya ga ikon Allah, mutumin da ya kori tsatsa daga unguwa yau shi ne yake mata shimfiɗa. Ya tambaya ko a kawo mata lemo. Tartsatsi ya ci gaba da yayyafinsa. Da mai facin ya lura da fuskarsa sai dariyar ta tsaya, ya zagayo ya kama masa suka matsar da abin inuwa, don kada ruwan gishirin ya bushe da wuri.

Zuwa azahar tsatsa ta fito, amma ba irin waccan ba. Wannan sabuwa ce, rawaya-rawaya, siririya, ko da yatsa aka shafa sai ta goge. Kusa da tsohuwar mai duhu sai ta zama kamar faci a tsohon bargo. Ya ƙara yayyafi ya jira, ya ƙara ya jira. Abin da damina ta yi a hankali ba zai yiwu a wuni ɗaya ba, kuma ya sani.

A haka Auta ta same shi. Ta zo ne ta haɗa kayan aikinta. Ta tsaya a bakin ƙofar baya, ta ga mutum biyu a tsugune suna fuskantar juna, kowanne kafaɗa ɗaya a sama, wuya a karkace, ɗaya na ƙarfe, ɗaya riƙe da robar gishiri. Ta tambaye shi me yake yi.

“Tsatsa nake roƙo,” in ji shi. “Ta ƙi ni. Ta san ni.”

Bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi, ta danne. Ta matso ta tsuguna gefensa, ta tambaye shi abin da ya kai shi, shi da ko kallon aikinta ba ya yi. Ya daɗe yana juya robar a hannu. Ya ce yana kallo, kullum yana kallo. Ya ce ya ɗauka lokaci ne ya ƙure mata. Sannan ya faɗi na ƙasan, wanda ya fi nauyi: tsoro ya ji kada mutane su taru su ce 'yar mai walda ba ta iya ɗinki ba.

Auta ta miƙe, ta ce ya kama mata. Ita da shi da mai faci suka kwantar da mutumin ƙarfen a kan tsohuwar taya, cikinsa ya fito fili. Ta nuna masa ƙarƙashi, inda ƙafafu suka haɗu da gindi, inda duk nauyin yake sauka, inda babu mai gani. Ɗinki ne a jere kamar ɓawon kifi, babu rami, babu kumfa, an goge, an kuma shafe shi da jan fenti. Tartsatsi ya bi shi da babban yatsa daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake bi.

“Inda nauyi yake, irin naka na yi,” ta ce. “Na wajen kuwa da gangan ne. Dubi bayan hannunka.”

Ya duba. Tabon ƙuna ne curi-curi, wani kan wani, da launin ƙarfen da sabulu ya daina fitarwa tun kafin a haife ta. Ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa. Ta ce bai taɓa tambaya ba. Ya ce ita ma ba ta taɓa cewa ya zo ya gani ba. Mai faci ya ce to ai gado ne, a gidan nan in ba uwarsu ba babu mai baki, ya kama hanyarsa.

Suka tayar da shi. Auta ta yi ta zagaya shi, ta ja da baya, ta matso, ta tsaya ta inda haske ke dukan kafaɗar. Ta ce ba haka ta so shi ba, kuma ba za ta ɓoye masa ba, wancan na farkon zai daɗe yana mata ciwo. Amma ta ce wannan ma ba ƙarya ba ne. Ta yi niyyar nuna wa mutane ubanta, ga shi uban ya zo da kansa ya sa hannu. Tartsatsi ya ɗauki guntuwar wayar ƙarfe zai ƙwaƙulo sauran jan da ya maƙale a hammata, ta riƙe masa hannu ta ce ya bari, daga yau kada ya ƙara ko ya rage.

Ranar buɗewa matarsa ta fito masa da rigar da ba ta taɓa ganin shago ba, ta kuma gargaɗe shi tun a hanya cewa hannunsa ya zauna a aljihu, ko ƙusa ya ga ta karkace ba ruwansa. Gidan nunin babban zaure ne, bango fari fat, fitilu ƙanana suna haska kowane zane shi kaɗai. Mutane suna tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Ya bi bango yana kallo. Sai ya ga ashe shagonsa ne aka rarraba a jikin kyalle: ruwan wuta yana zuba a duhu, inuwar ƙofa a kan ƙasa mai baƙin mai, jerin tagogi an jingine suna shan iska. A gaban wani ƙaramin zane ya tsaya ya kasa gaba. Baƙi ne wuluk, sai wani ɗan kore zagayayye a tsakiya, da 'yan yatsu ƙanana a gefe. Wasu na kusa da shi suna ta hasashen ko wata ne ko ido. Shi ya san rana ce ta cikin gilashin walda, ya kuma san yatsun.

Mutumin ƙarfen yana tsakiya, an kewaye shi. A ƙarƙashin fitila tsohuwar tsatsar ta yi duhu kamar ƙasar noma, sabuwar tana haske, jan kuma yana leƙowa daga lungu. Wani dogon mutum mai tabarau ya tambayi Auta dalilin da ya sa kafaɗa ɗaya ta bambanta. Ta ce babanta ne ya taimaka mata ba da saninta ba, ta ba su labarin a taƙaice, har da gishirin. Zauren ya ɗauki dariya, mai tabarau ya zo ya kama hannun Tartsatsi da hannu biyu, shi kuwa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Can wata tsohuwa da ta daɗe a tsaye ba ta yi dariyar ba ta matso kusa da shi. Ta ce mijinta magini ne, ya rasu, kuma haka yake tsugunawa, haka bayansa yake. Ta ce ta shigo ne don ta fake wa rana, ga shi ta kasa fita.

A hanyar gida Auta ta ce masa akwai wani babban aiki da take son farawa, mai tsayi, kuma gindinsa zai buƙaci hannun da ya fi nata. Ba ta ƙara maganar komawa ba, shi ma bai tayar ba. Ya dai tambaye ta, wannan karon tun kafin a fara, ina ne za a goge, ina ne za a bari.

Yanzu idanun Tartsatsi sun yi rauni, ya daina karɓar manyan ayyuka, amma kullum da safe shi ke buɗe shago. Gaba nasa ne, baya na Auta, an cire katangar kwanon da ke tsakani. Mutumin ƙarfen yana farfajiyar gidan nunin, a fili, ruwa yana dukansa. Kafaɗar dama ta kusa kamo ta hagu wajen duhun tsatsa, jan fentin kuma yana nan a hammata bai fita ba.